Hinda Ta Ƙi Zama

A Magariya, zamanin da Faransawa ke mulki, an yi wani tela a bakin kasuwa mai suna Ɗan Azumi. Keken ɗinkinsa daga Kano ya zo, wani ɗan'uwansa ne ya ɗauko masa a kan jaki ta hanyar Ɓaɓura, kuma yana ji da keken nan fiye da komai da ya mallaka. 'Yarsa ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, wato Hinda, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "Uwata".

Tun tana ƙarama aka gane hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In an ba ta fitila ta kai ɗaki, sai an bi sawunta, don za a tarar ta zare ƙwan tana leƙen inda lagwani ke hawa da sauka. Wata Juma'a Ɗan Azumi ya tafi masallaci ya bar ta tsaron rumfa. Da ya dawo sai ya iske kekensa a buɗe, ƙoshiyar zare a gefe, ƙananan kusoshi a jere cikin faifai, ita kuwa ta yi rub da ciki tana juya ƙafar keken da hannu.

"Innalillahi! Uwata, me na yi miki?"

"Baba, so nake in ga yadda zaren ƙasa ke kama na sama. Allura ɗaya ce, amma ɗinkin zare biyu ne."

"To kin gani?"

"Saura kaɗan."

Ya ɗaga hannu, ya tuna sunan wa take ɗauke da shi, ya sauke. Ya ce ta mayar da komai yadda ta same shi. Ta mayar, amma kusa ɗaya ta yi saura a faifai, keken ya dinga tsallake ɗinki. Washegari da ita aka sake buɗe shi, uba yana tsaye yana salati, har ta gano ramin kusar. Da shekara ta kewayo kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya aiko kowace unguwa ta ba da yara lekol, wato makarantar boko, har da mata. Iyaye suka yi ta ɓoye nasu a rumbu da gidajen dangi. Ɗan Azumi kuwa da kansa ya kama hannun Hinda ya kai ta. Da maƙwabta suka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ko kekena ya huta."

Malaminsu wani Badamagare ne siriri, Mushe Ousmane (Mushe shi ne "Malam" da Faransanci), mai yawan tari saboda ƙurar alli. Da safe maza da mata tare suke karatu da lissafi. Da la'asar sai a raba su: mata su tafi wurin wata Madam su koyi ɗinki da saƙa, maza su tsaya a koya musu awo da zane. Hinda ta yi wata guda tana bin mata, daga nan ta daina. Kullum la'asar sai ta laɓe bakin tagar ajin maza, tana zana abin da ke kan allo a ƙasa da tsinke. Madam ta kai ƙara, aka sa ta sharar fili. Ta share, gobe ta koma taga. Aka sa ta ɗebo ruwan lekol, ta ɗebo, ta koma taga.

"Ke wai me kike nema a nan?" in ji Mushe Ousmane wata rana, ya gaji.

"Mushe, ni 'yar tela ce. Ɗinki a gida na baro shi. Wannan ne babu a gidanmu."

Ya dube ta, ya dubi zanen da ke ƙasa. Bai ce ta shigo ba. Amma daga ranar ya riƙa ɗaga murya in yana bayani, ya kuma bar tagar a buɗe.

A wannan lokacin ne aka zo gyaran hanyar da ta nufi Damagaram. Akwai wani kwari a wajen gari da ruwa ke cinye hanya duk damina, manyan motocin kaya, wato kamiyo, su kafe har sai an tara ƙarti sun tura. Mushe Ousmane ya kai 'yan aji su ga aikin. Leburori na haƙa, wasu na kwaɓa siminti, amma Hinda mutum ɗaya ta zuba wa ido: wani dogo baƙi, ɗan Dahome, yana leƙa wata na'ura mai ƙafa uku, yana ɗaga hannu a matsar da sanda nan ko can. Ba ya ɗaukar komai, amma inda ya nuna nan ake haƙa.

"Mushe, shi ne ke hana ruwa bin hanya?"

"Ba mai hana ruwa tafiya. Yana auna inda ruwan ke son bi, sai ya buɗe masa ƙofa ta ƙarƙashin hanyar."

"Mene ne sunan aikinsa?"

"Aikin injiniya. Babban injiniyan Bature ne, yana Damagaram. Wannan mataimakinsa ne, karatu ya yi mai nisa."

Ta yi ta maimaita kalmar a ranta har gida. Ashe abin da take yi wa fitila da keke yana da suna, har akwai waɗanda ke cin abinci da shi. Da daminar ta zo, duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi sai ta ruga kwarin ta tsaya tana kallon ruwa yana shiga ƙofar da aka yi masa, kamiyo na wucewa ta sama lafiya lau.

In an ba da hutu Dungas ake kai ta, wurin yayar babanta, Goggo Tabawa. Goggo ba ta da miji, gonar gyaɗa ce ke riƙe da ita. Bayan kaka aikin matan garin ɗaya ne: ɓarar gyaɗa. Masu saye ba sa karɓa sai ɓararriya, saboda haka mata kan zauna gindin bishiya tun hantsi suna ɓara da hannu, ko su daka a turmi rabi ta farfashe. Yatsun Goggo duk sun tsattsage, da dare sai ta shafa musu man kaɗe. Hinda ta taɓa leƙa farfajiyar wani kantin masu sayen gyaɗa a Magariya, ta ga wani inji da ake turawa gaba da baya da hannu, gyaɗa na zubowa ta ƙasa. Ba a bari kowa ya matso kusa da shi, amma ta ga abin da ya ishe ta.

Ta tafi maƙerar Dalhatu, tsohon maƙerin Dungas, ta durƙusa daga bakin rumfa ta gaishe shi.

"Baba Dalhatu, in na kawo rabin tanon mai, za ka huda mini shi?"

"In huda shi ki yi me da shi? Rariya?"

Ta zana masa a ƙasa: rabin tano, wato gangar ƙarfe, a kwance kamar kwamin shayar da dabbobi, gindinsa duk huji, da wani katako mai haƙora da zai riƙa kai da komo a ciki yana murza gyaɗa. Dalhatu ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce tunda yake mace ba ta taɓa kawo masa aiki ba sai na wuƙa da zobe, amma zai yi, don shi ma yana son ya ga ƙarshen abin. Sharaɗinsa ɗaya: ba za ta taka cikin maƙera ba. Ta ce ta yarda, daga bakin rumfa ma tana gani.

Ranar gwaji rabin unguwa ya taru. Hinda ta shiga rumbun Goggo ta ɗebo gyaɗa, ba ta sani ba ashe ta iri ce, wadda Goggo ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya ta ajiye don shuka. Ta zuba, ta kama sanda ta tura gaba, ta jawo baya. Abin ya yi ƙara mai daɗi, yara suka yi shewa. Da aka duba ƙasa sai ga gyaɗa ta zama gari, ɓawo da ƙwaya sun haɗe, har mai na naso a jikin ƙarfe. Wata mata ta ce ai injin ƙuli-ƙuli ne aka yi musu, aka kwashe da dariya. Goggo ta ratso taron, ta duƙa ta damƙi garin ta shinshina, ta gane irinta ne.

"Me zan shuka baɗi, Hinda? Tanon?"

Hinda ba ta iya ɗaga kai ba. Ta ba da haƙuri, ta ce za ta bi gonakin mutane ta yi kala har ta mayar. Ta kuwa yi: sauran hutun nan a gonaki ta ƙarasa shi, tana tonon gyaɗar da ta ragu a ƙasa bayan an cire. Goggo ta ce a kai tanon bola. Hinda ta ce a yi mata kowane hukunci, amma tanon ba ya zuwa bola.

"Ba abin ne bai yi ba, Goggo. Ni ce ban ba gyaɗar wuri ba. Katakon ya matse ta da ƙarfen."

"Ke dai ba kya jin magana."

"Ina ji, Goggo. Wannan ɗin ne kawai ban ji ba."

Ta ja tanon bayan ɗaki. Da yamma in ta dawo daga kala sai ta gwada da 'yar gyaɗar da ta fi lalacewa. Ta ɗaga katakon, gyaɗa ta riƙa wucewa ba ta ɓaru ba. Ta sauke, ta farfashe. Daga baya ta lura gyaɗa ba girmanta ɗaya ba, ta tudu daban, ta fadama daban. Sai ta roƙi Dalhatu ya yi mata wasu 'yan ƙarafa da za a cusa ko a zare, katakon ya hau ko ya sauka. Ta kuma gano in an yayyafa wa gyaɗar ruwa kaɗan ta sha iska, ƙwayar ba ta saurin karyewa. Kafin hutu ya ƙare abin ya fara aiki. Ba duka yake fitarwa lafiya ba, wasu na fashewa, amma abin da mace ke wuni tana ɓara yana gamawa kafin a sauke tukunya. Goggo ba ta yaba ba. Sai dai ranar da Hinda za ta koma Magariya, ta ce a bar tanon a nan, kada a wahalar da jaki.

Shekarar da za su yi jarrabawar satifika ta kammala firamare, Baturen makarantu ya zo daga Damagaram. An share fili, an yayyafa ruwa, kowa ya sa wankakkun kaya. Baturen dattijo ne mai furfura, ba shi da faɗa. Ya bi yara ɗaya ɗaya yana tambayar abin da kowa ke son zama. Wannan ya ce komi, wato akawu, a ofishin kumandan, wancan ya ce malamin lekol, 'yan matan suka ce ungozoma kamar yadda Madam ta koya musu. Da aka zo kan Hinda ta miƙe ta ce, cikin Faransanci mai kyau, "Injiniya."

Aji ya fashe da dariya. Baturen ya yi murmushi, ya ce madalla, amma makarantar wannan aiki ta maza ce, kuma ko mazan ma sai an tace. Yarinya mai ƙwazo irinta za ta yi ungozoma ta ƙwarai. Ya ce ta zauna.

Ba ta zauna ba.

"Mushe, me ya sa ta maza ce?"

"Haka tsarin yake."

"Lissafin da ake yi can daban ne da wanda muke yi nan? In daban ne, a ba ni in gwada. In na faɗi, na faɗi."

Murmushin ya ɓace. Ya sake cewa ta zauna, ya wuce kan yaro na gaba. Mushe Ousmane ya yi mata magana da Hausa ƙasa-ƙasa: "Hinda, don Allah zauna, kada ki ja mana." Ta ce, "Mushe, ka gafarce ni. Na yi tambaya, ba a ba ni amsa ba." Aka gama tambayar yara, aka yi karatu, aka yi waƙa, tana tsaye kamar an kafa ta. Ta san in ta zauna ta yarda ke nan. Baturen ya fita bai ƙara dubanta ba. Sai da ajin ya watse ta ɗauki allonta ta tafi gida.

Aka kore ta na mako guda. Da yamma Mushe Ousmane ya zo rumfar Ɗan Azumi, ya zauna a benci ya yi ta tari kafin ya yi magana. Ya ce shi ma da yana yaro likita ya so zama, aka ce malami ake bukata, ga shi yana malanta kuma bai mutu ba. Ya ce Hinda ta fi duk 'yan ajin lissafi, amma ƙofar nan a rufe take, ba shi ya rufe ta ba, ba shi kuma da mabuɗinta. In ta karɓi ungozoma, za ta yi albashi, za ta taimaki mata.

Ɗan Azumi ya dubi 'yarsa. "Uwata, kin ji. Aikin lada ne."

"Aikin lada ne, Baba, Allah ya ba masu sonsa. Ni in na je, wurin wata zan tare, kuma hankalina ba zai zauna kan mai naƙuda ba."

"To in ba su ba ki wancan ba fa?"

"Makarantar ce tasu. Aikin ba nasu ba ne."

Ta yi jarrabawa ta ci. Aka kira sunanta cikin waɗanda za a tura koyon ungozoma, ta je da kanta ta ce a ba wata. Magariya ta ɗauka da surutu. Wasu suka ce boko ya taɓa mata kai, wasu suka ce laifin uban ne da ya sangarta ta. Ɗan Azumi ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Daga baya ya ware mata gefe guda na rumfarsa, ya ce tunda ta ƙi na Bature, sai ta nuna nata.

Da kekunan ɗinki ta fara. Telolin kasuwa da can sai sun kai nasu Kano in ya lalace. Da farko sun ƙi kawo mata, har wani ya rasa yadda zai yi ana gab da salla ya kawo a ɓoye. Daga nan aka shiga kawo fitilu, da makullai, da agogon wani alhaji wanda ta buɗe ta kasa mayarwa, ta je har gida ta faɗa masa gaskiya, ya yi ta faɗa. Ta hau kamiyo ta tafi Damagaram ta nemi a ɗauke ta koyon aiki a wani gareji, maigidan ya ce ba ya son abin da zai raba hankalin yaransa. Ta dawo ba ta samu ba. Direban da ya kai ta ya dawo da ita, Saminu, mutumin Dantchiao, shi ne ya ce in dai cikin inji take son gani, ga nasa nan. Duk sanda ya sauke gyaɗa a Magariya sai ya buɗe mata gaban motar, ta yi ta tambaya har ya ce bai sani ba. Bayan shekara biyu ya aiko da magabatansa. Ta ce a gaya masa ta amince, amma da akwatin ƙarafanta za ta tare. Ya ce dama da shi ya gan ta.

Hinda ba ta zama injiniya a takarda ba, ba ta kuma taɓa kiran kanta haka ba. Ta haifi 'ya'ya, ta yi girki da daka kamar kowace mace, amma a zauren gidansu kullum akwai abin da aka kwance ana jiran a haɗa.

Ana saura kaɗan Faransawa su tafi, matan ƙauyen su Saminu suka kawo mata kuka. Rijiyarsu na da zurfi, igiyar guga ta cinye musu tafin hannu, ta kuma cinye itacen bakin rijiyar. Hinda ta je ta gani. Ta samo tsohon gargaren keke, ta sa aka kafa gwafa biyu, ta rataya shi a tsakani don igiya ta bi ta kansa. Mai gari ya aiko a ce mata rijiyar kakanni ce, ba a kafa mata ƙarfe a ka. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta ji, amma akwai tsohuwar rijiyar bayan gari da ake shayar da dabbobi, ko ita ma ta kakanni ce? Ya ce wannan ta makiyaya ce, ta je ta yi abin da ta ga dama.

Aka kafa a can. Guga na farko ya hau sumul, yarinya ƙarama ma ta iya ja. Mata suka baro rijiyar gari suka yi layi. Kafin azahar wani makiyayi ya ɗaura babban wasaki na shayar da shanu, gargaren ya lanƙwashe, sandar tsakiya ta karye, wasaki da igiya suka faɗa ciki. Makiyayin ya yi ta zagi, sai da aka sa ƙugiya aka ciro masa kayansa. Labari ya kai wa mai gari, ya ce ai dama ya faɗa.

Da yamma Saminu ya tayar da mota za su koma Magariya. Hinda ta hau gaba da goyo a bayanta, lanƙwasasshen gargaren a kan cinyarta, tana juya shi tana duba inda ya fara ba da kai.

"A jefar da shi ne?" in ji Saminu.

"A'a. Na keke ne, an yi shi don nauyin mutum ɗaya. Laifina ne da ban tuna da masu shanu ba." Ta juyo ta dube shi. "Wancan tsohon kamiyon da ya mutu a tasha, ƙafafunsa na nan?"

"Suna nan. Amma mai gari ya ce kada a sake."

"Rijiyar gari ya hana. Ran kasuwa mai zuwa ka biyo da ni ta nan. Ka kuma tambayo mini itacen ƙirya mai kauri, wanda ya bushe sosai."